Daga Bakin Rijiya Zuwa Moɗa: Ingancin Ruwan Sha da Lafiyar Jama'a a Mazaɓun Magajin Gari, Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ingancin ruwan sha ke shafar lafiyar jama'a a mazaɓu uku na Magajin Gari, waɗanda suka ƙunshi garin Birnin Gwari da ƙauyukan da ke kewaye da shi a yammacin Jihar Kaduna. Ta jingina ne da alƙaluman ƙasa da aka wallafa, da binciken da aka yi a Kano, da abin da ya faru a Zamfara da Neja, sannan ta auna su da yanayin ƙasar Birnin Gwari. Hujjarta ita ce, ƙirga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa ba ya nuna wa kowa halin da lafiyar mutane ke ciki. Abin da ke nunawa shi ne ruwan da ke cikin moɗa a lokacin da yaro ya kai ta baki. Ta kuma rarrabe tsakanin haɗarin ƙwayoyin cuta da haɗarin guba, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki.

Ƙasar da ruwanta

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane fiye da 250,000 a mazaɓu 11. A cikinta Dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Ruwan sama ba ya yi wa wannan yanki rowa: damina takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, shi ya sa masarar Birnin Gwari ta yi suna. Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa. Tsohon dutse ne shimfiɗe a can, ruwa kuwa ba ya zama sai a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. Saboda haka rijiyar gida gajeruwa ce, ta cika maƙil a watan Agusta, ta janye da bazara. Burtsatse kuma sai an dace da tsaga. Wani a haƙa ya ba da ruwa, na kusa da shi ya tashi a banza. Akwai madatsar ruwa ta Bagoma da aka gina domin ruwan famfo, amma rijiya da burtsatse da 'yan garuwa su ne madogarar gidaje da yawa.

Gajeruwar rijiya tana nufin ruwan da ake sha maƙwabcin masai ne. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin masai ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. A cikin gari, inda katanga ke manne da katanga, mutum zai iya kiyaye wannan tazara a gidansa, masan maƙwabcinsa kuma ya kasance taku biyar daga rijiyarsa ta bayan bango. Da ruwan ƙasa ya taso a tsakiyar damina, ramukan biyu sun zama ɗaya.

Sai kuma rashin tsaro ya zo ya ƙara wa lissafin nauyi. Tun kafin harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Gwaska a watan Mayun 2018, wanda ya ci rayuka fiye da 40, da kuma bayansa, mutanen ƙauyuka sun yi ta kwararowa cikin gari. Yawancinsu ba sansani suka shiga ba, gidajen 'yan'uwa suka raɓa. Gidan da ke da mutum goma ya koma na talatin, rijiyar tana nan ɗaya, masai ɗaya, guga ɗaya. A 2021, shekarar da kwalara ta fi yi wa Najeriya ɓarna a 'yan shekarun nan, a ita ce Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauki matakan tsaro da suka haɗa da katse layukan waya da hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, Birnin Gwari na ciki. Ba hukunci a kan matakan nake yankewa ba. Abin lura shi ne, burtsatsen da ke aiki da janareta fetur yake sha, kuma ma'aikacin lafiyar da ya ga alamar ɓarkewar cuta da waya yake kai rahoto. A Birnin Gwari zancen ruwa da zancen tsaro a tabarma ɗaya suke zaune.

Abin da ido ba ya gani

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ishmawi ko Risala ya san yadda ake gane ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi: a duba launinsa, da ɗanɗanonsa, da ƙanshinsa, ko wani abu ya jirkita su. Wannan ƙa'ida ce ta ibada, kuma a fagenta ta cika. Sai dai jama'a sun ɗauke ta sun kai ta bakin randa, ta zama ma'aunin ruwan sha: in ya yi garau, ba wari, ba ɗaci, to lafiya lau. Malaman fiƙihu ba su ce haka ba. Ƙwayar kwalara da ta taifot da ƙwayar da ke kawo shawara ba sa canza launi ko ɗanɗano ko ƙanshi, haka ma dalmar da ta narke. Ruwa zai iya halatta ga alwala, ya kuma kwantar da yaro a asibiti, ba tare da wani saɓani tsakanin maganganun biyu ba. A ganina wannan bayani ya fi dacewa da bakin limamin Juma'a a kan bakin ma'aikacin lafiya, domin shi ne ba za a zarga da raina karatu ba.

Ma'aunin hukuma yana cikin Ƙa'idar Ingancin Ruwan Sha ta Najeriya, mai lamba NIS 554, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015. Ta ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta E. coli a cikin mililita 100 na ruwa. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take rayuwa, don haka ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, haka ma asanik. Naitiret kada ya wuce miligiram 50, fulorayid kuma 1.5. A cikin waɗannan duka babu wanda uwar gida za ta iya ganewa da idonta.

Tsakanin rijiya da baki

Binciken MICS na 2016 zuwa 2017, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya auna ruwa sau biyu: a inda ake ɗebo shi, da kuma a kofin da mutanen gida ke sha. A wurin ɗiba an sami E. coli a ruwan kimanin kashi 77 cikin 100 na jama'a. A cikin gida adadin ya kai kimanin kashi 91. Alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne, amma saƙonsu ya shafi kowace unguwa a Magajin Gari: akwai ruwan da ke barin rijiya da tsabtarsa, ya lalace kafin ya isa baki.

Bari mu bi ruwan a hanyarsa. Guga yana kwana a ƙasa, igiyarsa tana jan turɓayar da kaji da awaki suka taka, da safe a zura su cikin rijiya. Idan burtsatse ne, ɗan garuwa ya jera jarkokinsa a kura, jarkokin da bakinsu ya yi ƙanƙanta da shigar hannu, don haka wankinsu bai wuce a zuba ruwa a girgiza ba. Gansakukar da ke manne a cikinsu gida ce ta ƙwayoyin cuta. Wasu jarkokin babu murfi, da leda ake toshe su. A gida a juye a randa, mai faɗin baki, wadda ake ƙara mata sabon ruwa a kan tsohon ba tare da an kai gindinta ba. Moɗa ɗaya ce ke ɗiba, da ita ake sha, yaron da ya fito daga bayan gida shi ma ita zai ɗauka, ya zura hannu har wuyan hannu in ruwan ya yi ƙasa. Ko ruwan famfo bai tsira ba a duk garin da ake sako shi jefi-jefi, domin bututun da babu ruwa a cikinsa yakan zuƙo na kwata ta inda ya tsage.

Kano ta ba mu hujja a kan wannan tun da daɗewa. Daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996 an sami masu kwalara 5,600 a jihar, 340 suka rasu. Wani mai bincike, Hutin, da abokan aikinsa sun kwatanta masu cutar 102 da ke kwance a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano da wasu majinyata 77 da sanƙarau ya kwantar. Sakamakon, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa shan ruwan 'yan garuwa ya ninka yiwuwar kamuwa kusan sau uku, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa ya rage ta ƙwarai. Kuskure ne a karanta wannan a matsayin tuhuma ga ɗan garuwa. Shi ne ke kai ruwa inda bututu bai kai ba, kuma a garin da ya cika da baƙi ba don shi ba da an sha wuya. Abin da binciken ya nuna shi ne inda ya kamata a tsaya da magani: a bakin jarkarsa.

Cututtukan

Kwalara ce ke tayar da hankalin hukuma, kuma da dalili. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu a 2021, 3,604 suka mutu, galibi a jihohin Arewa. Cuta ce da ke iya tsotse ruwan jikin babban mutum cikin awoyi kaɗan. Inda aka sami ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Ke nan a Birnin Gwari nisan hanya da haɗarinta suna cikin abin da ke kisa: mutumin da amai da gudawa suka kama da magariba a ƙauyen da ba a fita da dare, sai ya jira gari ya waye kafin a nufi babban asibiti da shi.

Amma wadda ta fi cin yara ba ta zuwa da shela. Ita ce gudawar yau da gobe, wadda iyaye mata ke ɗora wa haƙori. Yaro ya yi kwana uku yana zawo, ya warke, bayan wata guda ya sake. Kowane zagaye yana rage masa abin da hanjinsa ke iya tsotsa daga abinci, ramar kuma tana buɗe ƙofa ga zagaye na gaba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami tsumburewa a kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yankin da ke cika manyan motoci da masara bai kamata a ce abinci kaɗai ne bayanin ramar 'ya'yansa ba.

A nan dole mai bincike ya yi adalci. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Kenya da Bangaladash da Zimbabuwe, waɗanda sakamakonsu ya fito a 2018 da 2019, ba su ga tsawon yara ya ƙaru ba don kawai an gyara ruwan gida da masai da wankin hannu. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne, ƙazanta tana da hanyoyi da yawa zuwa bakin yaro mai rarrafe, musamman a tsakar gidan da yake rabawa da kaji da tumaki. A ɗaya ɓangaren, Michael Kremer da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje da dama suka ƙiyasta cewa sanya wa ruwa magani yana rage mutuwar ƙananan yara da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu. Abin da na fahimta daga haɗa biyun: tsabtace ruwa yana ceton rai, amma kada a yi wa jama'a alƙawarin cewa shi kaɗai zai sa yaro ya yi tsawo.

Taifot da atini da shawarar da ke bin ruwa duk ta wannan hanya suke shiga, ta ƙarshen kuma tana da muni ga mai ciki, kamar yadda aka gani a Diffa ta Nijar a 2017. Tsargiya dabam take, ta fata take shiga lokacin wanka ko wanki a tafki da rafi, don haka tace ruwan sha ba ya hana ta.

Gubar da wuta ba ta kashewa

Ana haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari tun zamanin Turawa, kuma har yau ana yi. Abin da ya sami maƙwabta ya isa gargaɗi. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke iyaka da Birnin Gwari, inda yara 28 suka mutu. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi gida a daka a niƙa, ƙurar ta bi ɗaki da tsakar gida da abinci.

Ƙurar ce babbar hanyar gubar a waɗancan wurare, ba ruwa ba, kuma ya kamata a faɗi haka a sarari. Amma wankin niƙaƙƙen dutse da ruwa ake yin sa, a bakin kududdufi ko rafi ko kusa da rijiya, ragowar laka kuma a nan ake barin ta har ruwan sama ya kwashe. Rijiyar da ba ta da murfi tana karɓar ƙura kamar yadda ɗaki ke karɓa. Ga kuma sinadarin makuri, wato zaiba, da ake kama zinariyar da shi. Idan ya kwanta a lakar rafi yakan rikiɗe ya taru a jikin kifi. Ba kowace jijiyar dutse ce ke da dalma mai yawa ba, wani rami yana da ita, na kusa da shi babu. Saboda haka kowane sabon rami sabuwar tambaya ce da awo kaɗai ke amsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Wanda bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya gyaruwa.

Gona ma tana da nata kason. Takin zamani da masai dukansu suna zuba naitiret a gajeruwar rijiya, shi kuma yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata, wanda hakan ƙarin hujja ne ga shayar da nono zalla har wata shida. Maganin feshi kuwa ana haɗa shi a bakin rafi, a wanke tankin a nan, galan ɗin da ya ƙare kuma ya koma na ɗibar ruwa.

Abin da ya sa na ware wannan sashe shi ne nasihar da muka saba yi. Muna ce wa mata su tafasa ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da naitiret ba su da ran da za a kashe. Ruwa ne ke tashi a tururi, su su zauna, har ma su ɗan ƙara kauri. Kulorin ma ba ya taɓa su. Rijiyar da guba ta shiga sai dai a daina sha daga gare ta. Bangaladash ta koyi wannan da tsada: an haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo don guje wa gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da asanik a cikinsu. Ƙasarsu ba irin tamu ba ce, amma kuskuren iri ɗaya ne, a haƙa a yi bikin buɗewa ba a auna ba.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Najeriya ta taɓa cin nasara a kan cutar ruwa ba tare da ta kai famfo kowane ƙauye ba. A ƙirgar 1988 zuwa 1989 an sami masu kurkunu fiye da 650,000. An ga na ƙarshe a Jihar Inugu a Nuwambar 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Kayan aikin su ne ƙyallen tacewa, da maganin da ake zubawa a tafki, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye mai littafin da yake rubuta wanda ya kamu duk wata, da kuma mutum irin Janar Yakubu Gowon da ya bi ƙauyuka yana matsa wa hukumomi. Kurkunu ya fi kwalara sauƙin tarewa, tunda ƙwaron da ke ɗauke da shi yana da girman da ƙyalle ke riƙewa. Duk da haka tsarin, wato aiki a matakin gida da kuma ƙirga na gaskiya, shi ne abin ɗauka.

A Magajin Gari wurin da ya fi riba shi ne bakin burtsatsen da 'yan garuwa ke layi. Idan aka ɗiga kulorin a kowace jarka a nan, ragowarsa tana bin ruwan har cikin randa tana ci gaba da aiki, abin da tafasawa ba ta yi, ga ta da cin itace a yankin da shiga daji ya zama kasada. An gwada irin wannan tsari a Kenya da Yuganda da Malawi, da ƙaramin tanki mai famfo a gefen rijiya. Sharaɗinsa shi ne ruwan ya zama garau, a kuma jira minti 30. Gurɓataccen ruwa sai an fara kwantar da shi da alif ko garin ƙwayar zogale a tsiyaye. Za a yi ƙorafin wari, kuma ƙorafin gaskiya ne idan an zarce awo, shi ya sa mai ɗigawar yake buƙatar horo da 'yar ƙwayar gwajin da ke mai da ruwa ja-ja idan maganin ya isa. Ɗan garuwar da ya shiga tsarin a ba shi alama a jikin kurarsa, masu saye su san shi. Randa kuwa ba sai an yar da ita ba: murfi, da moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa, wadda ba a kai ta baki.

Awo shi ne ginshiƙin. Akwai kwalbar gwaji mai arha da ke yin baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu idan ruwa ya haɗu da bayan gida. Duba-gari na ƙaramar hukuma za su iya aiki da ita ba tare da wutar lantarki ba, a ɗauki samfuri biyu kowane gida, na rijiya da na moɗa, sau ɗaya da bazara, sau ɗaya a Agusta. Na dalma da makuri da asanik sai ɗakin gwaji a Kaduna ko Zariya, kuma a fara da rijiyoyin da ke kusa da inda ake niƙa dutse ko wanke shi. Sakamakon a kai wa mai unguwa da dagaci da limami, kada ya ƙare a cikin fayil. Hukumar ruwa da tsabtar karkara ta jiha, RUWASSA, kuma ta sa takardar awo cikin sharuɗɗan biyan ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe.

Akwai aikin da ba ya jira. Tun bayan sulhu da 'yan bindiga da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwambar 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane sun fara komawa ƙauyukan da suka bari. Rijiyar da ta yi shekaru ba a ja ba, babu wanda ya san abin da ya faɗa cikinta, kuma mai komawa ita zai fara nufa da guga. Kafin a sha, a kwashe ruwanta, a yashe ta, a gyara bakinta da daɓen siminti da murfi, a zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, a sake kwashewa. Wannan wankin na 'yan kwanaki ne, ba ya ɗauke wa gida sanya magani a jarka. Idan kuwa an yi haƙar zinariya kusa da ƙauyen a shekarun da mutanensa ba sa nan, to samfurin ruwan da na ƙasar tsakar gida su riga yara isa ɗakin gwaji, kafin yaran su isa ƙauyen.